Ranar da Muka Yi wa Baba Guɗa

Abakpa, Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Sharhabil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nafisa da yara. Allah ya sa sanyin Kanada bai takura muku ba, ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Damina ta kankama sosai, har ruwa ya cinye bakin kwalbatin layinmu, yanzu Abban Usman sai dai ya ajiye mota a bakin titi ya tako. Usman ya gama jarrabawa yana zaman jiran sakamako, Maryam kuwa ta sauke izu goma, tana ta cika mana kunne da cewa ka yi mata alkawarin agogo. Yaya Ummulkhairi na nan a Badarawa, jikinta lafiya, amma tun abin da ya faru ba ta ko leƙa ƙofar gida. A kan wannan abin ne na zauna rubuta maka.

Na saurari saƙon muryar da ka turo mini, na kuma ji yadda ranka ya ɓaci. Ka ce ka ga bidiyon Baba da ake yawo da shi a waya, ka ce Dakta Safiya ce ta shirya masa tarko don ta tozarta shi a gaban ɗalibai, kuma za ka nemo lambarta ka faɗa mata abin da ba za ta manta ba. Don girman Allah, Sharhabil, kada ka kira ta. Abin da ka gani guntu ne, an yanke farkonsa an yanke ƙarshensa. Ni ina wurin, a layin gaba nake zaune. Na so in yi maka bayani ta waya, amma tun ranar na dawo gidan Baba da zama, kuma ka san ginin nan, abin da aka faɗa a kicin ana jinsa a falo. Shi ya sa na rubuta, zan ba Malam Idris abokin aikinka da ya zo hutu ya taho maka da ita.

Kai ƙarami ne lokacin da Baba ke koyarwa a Zariya, ba lalle ka tuna yadda abin yake ba. Ran Litinin ya tafi, ran Juma'a ya dawo da wani wari a tufafinsa, na maganin da ake adana gawa da shi, har Mama, Allah ya jiƙanta, ta ware wa kayansa kwando daban. A unguwa ba a ce masa likita kawai, sai an ƙara da na matattu. A makarantar allo yara kan toshe hanci idan ni da Yaya Ummu muka shigo. Kawu Ila ya yi shekaru ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi, kuma bai taɓa ɓoye dalili ba. Baba bai taɓa tanka wa kowa ba, mu ne abin ya zauna wa a rai. Saboda haka da takarda ta zo daga sabuwar makarantar koyon aikin likita da ke gaba da Katabu, cewa za su buɗe ɗakin binciken sassan jiki kuma sun sa masa sunan Baba, wato Farfesa Maliki, ni da Yaya muka ce ranar da muka daɗe muna jira ce ta zo. Bari duk wanda ya taɓa toshe hanci ya zo ya gani da idonsa.

Baba bai so zuwa ba. Da farko ya ce a rubuta musu godiya, a ce jiki ya yi nauyi. Da muka matsa, ya ce to ni kaɗai in raka shi, a yanke ƙyalle mu dawo. Muka ƙi. Yaya ta fitar da anko, atamfa ruwan ganye, ta raba wa matan Abakpa da na Badarawa, muka ɗauko bas biyu, muka kafa rumfa a ƙofar gida don walima, muka kira mai ɗaukar hoto. Ana saura kwana kaɗan na kai masa shayi da safe, ya riƙe hannuna ya ce, "Mardiyya, da kun bar ni a gida." Na yi dariya na ce kunya ce irin tasa. Alhali a watannin nan na ga yana tsiyaya shayi a gefen kofi, na ga kafaɗarsa na bugun bakin ƙofa, na ga ya daina karanta jarida ya koma rediyo. Duk na gani, na ce a raina gilashinsa ne ya tsufa, bayan biki sai a canja masa.

Ranar taron ɗakin ya cika maƙil, ɗalibai cikin fararen riguna a baya, malamai a gefe, mu masu anko mun mamaye gaba. Dakta Safiya, wadda ita ce shugabar sashen, kuma ɗalibarsa ce tun tana budurwa, ta tashi ta karanta tarihinsa. Wallahi Sharhabil, rabin abin da ta faɗa a ranar na fara jinsa. Na san Kaka tela ne a Badarawa, amma ban san Baba ya yi shekaru yana zura masa zare a allura kafin ya tafi makaranta ba. Na san ya fara da duba marasa lafiya a asibiti, ban san abin da ya fitar da shi ba. Ta ce a ɗakin da yake aiki ya riƙa karɓar magidanta masu ƙarfi, direbobi da 'yan kasuwa, ƙafafu a kumbure, fitsari ya ɗauke, su mutu a hannunsa ba tare da ya san me ya cinye musu ƙoda ba. Ya gaji da rufe idanun mutane bai san dalili ba, sai ya ajiye aikin da ke kawo girma da gaisuwa, ya koma ɗakin gawa da ɗakin bincike, inda ba mai ce maka sannu. Ya je Ingila ya ƙaro ilimi, aka yi masa tayin zama ya ƙi, ya dawo.

Ta bayyana yadda aikin yake, cikin harshen da har mu muka gane. Ana yanko ɗan guntun tsoka, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi, a rina shi da ruwan hoda da shuɗi, sannan a duba a madubin likita mai ƙara girman abin da ido ba ya gani. Ta ce Baba ya yi shekaru yana wannan da hannunsa, yana gwada wasu jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a tasha a jikin ɓeraye, yana duba yadda suke lalata ƙoda, har likitoci suka fara tambayar mara lafiya abin da yake sha kafin ya zo asibiti. Ta ce gawarwakin da ba a san danginsu ba, waɗanda ɗalibai ke koyo a kansu, Baba bai yarda a yi dariya ko a ci abinci a kusa da su ba, kuma idan an gama da su shi ne ke tsayawa sai an yi musu sutura an binne su kamar kowa. Na juya na ga Kawu Ila ya sunkuyar da kai. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji, na ce yau dai.

Sai ta zo kan abin da ya jawo komai. Ta ce a zamaninsu an san Farfesa da abu ɗaya: ka sa masa kowane gilashi a madubi, kafin ka janye hannunka ya gaya maka daga wane sashe na jiki aka yanko. Ta ce saboda haka ba wanda ya cancanci ya fara duba sabon madubinsu sai shi. Ta ɗauko wani gilashi da ta ajiye tun tana ɗaliba, wanda shi da kansa ya yanka ya rina a lokacin bincikensa na ƙoda. Ta yi haka ne don ta faranta masa, ta zaɓi abin da ko cikin barci zai gane. An haɗa madubin da babban allon majigi, saboda haka duk ɗakin na ganin abin da ke ciki. Baba ya tashi, wani malami ya kama masa hannu ya hau dandamali, ya cire gilashin idonsa ya sunkuya. Ya daɗe. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya canja ido. Can ya ɗago ya ce a makirfo, "Wannan hanta ce."

Ni ban san hanta daga ƙoda ba, kai ma ka sani. Yaya Ummu ma haka. Muna jin ya ba da amsa, sai Yaya ta miƙe ta rangaɗa guɗa, matan anko suka ɗauka gaba ɗaya, ni kuma ina tafi har tafin hannuna na zafi. Mun yi nisa a ciki kafin na lura mu kaɗai ne ke yi. Malamai sun kafe ido a ƙasa. Ɗalibai na kallon allo suna kallon juna, wani a baya ya kasa riƙe dariyarsa. Daga baya aka gaya mini cewa ƙoda tana da wasu ƙananan dunƙule kamar ƙwallon zare, kuma ga su nan ɓaro-ɓaro a allon, ɗan shekara ta biyu ma ba zai ɓata ba. Guɗar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta Yaya ce ta ƙarshe. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera da atamfata.

A nan bidiyon da ka gani ya tsaya. Ga abin da ya biyo baya. Dakta Safiya ta yi wuf ta karɓi makirfo tana murmushin dole, ta ce wa ɗalibai Farfesa gwada su yake yi, haka yake musu tun da, yana so ya ga wa zai yi ƙarfin halin gyara masa. Wasu har sun fara sakin fuska. Ta ba shi hanyar fita, Sharhabil, ba abin da ya rage sai ya yi murmushi ya sauko. Amma Baba ya miƙa hannu ta mayar masa da makirfon. Ya ce, "A'a, Safiya, Allah ya yi miki albarka, amma ba gwada su nake ba. Ban gani ba. Hazo kawai na gani mai ruwan hoda, sai na yi hasashe." Ya juya wajen ɗaliban ya ce duk tsawon koyarwarsa abu ɗaya ya fi kora ɗalibi a kansa, shi ne ya faɗi sunan abin da bai gani ba, ga shi yau shi ya aikata a gabansu, saboda 'ya'yansa na zaune kuma bai so ya ba su kunya. Ya ce wata rana za a kawo musu tsokar mutum mai rai, yana kwance yana jiran su ce ciwon daji ne ko ba shi ba ne, to ranar idan ba su gani ba su ce ba su gani ba. Ya nemi gafararsu. Sannan ya laluba gefen tebur yana neman gilashin idonsa, yana kusa da hannunsa amma bai same shi ba, sai da Dakta Safiya ta ɗora masa a tafi, hawaye na zubo mata.

Muka iso gida ga rumfa, ga kuloli na shinkafa da zoɓo, ga mai hoto na jira a jera. Baba ya gaisa da mutanen da ke bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, ya shige ɗakinsa. Mata suka ci abinci ƙasa-ƙasa suka watse. Kafin la'asar ta washegari bidiyon ya zaga Kaduna, an rubuta a kansa wai farfesan da bai san hanta da ƙoda ba da 'yan guɗarsa. Ba mu san wanda ya ɗauka ba, ban kuma damu in sani ba. A wurin aiki wata ta nuna mini shi tana dariya, ba ta gane ni ce mai tafin nan ta gefen hagu ba. Yaya Ummu ta naɗe atamfar ta cusa a ƙasan akwati, ta ce ko a kyauta ba za ta iya bayar da ita ba. Kullum sai ta kira ni tana kuka tana cewa da bakinta ta yi wa ubanta tallar makanta.

Dakta Safiya ta zo gida bayan kwana biyu, ba direba, ba rakiya. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ta ƙi tashi, tana cewa ya yafe mata, da ta san halin da idonsa ke ciki da ba ta kusantar da shi ga madubin ba. Baba ya ce ta tashi, ba ta yi masa komai ba sai alheri, ina za ta sani tunda mu 'ya'yansa ma ya ɓoye mana. Ita ce ta tsaya tsayin daka sai da ya yarda muka kai shi asibitin ido, ita ta riƙe masa hannu a layi. Wannan ce matar da kake shirin zagi.

Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinsa. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin kara, shi ma da dishi-dishi. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa da aikin da za su yi masa ƙoƙarin riƙe ragowar ne kawai, kuma bai yi mana alkawarin zai daɗe ba. Da ya tambayi Baba tun yaushe ya fara lura, Baba ya faɗi sunan cutar da kansa da turancinta, ya ce tun kafin rasuwar Mama ya gane. Ya fara ɗiga magani a ɓoye, da jinyarta ta yi tsanani ya yi sakaci, da ya dawo kansa kuma ya ga an riga an yi nisa, sai ya ji nauyin a ce likita, malamin likitoci, ya zauna ido ya mutu masa a kai. Likitan ma ashe ya taɓa zama a ajinsa. Ya kasa yi masa faɗa, sai rubutu yake yana gyaran murya.

Bayan mun dawo na same shi a tsakar gida yana zaune a kujerarsa ta roba. Na durƙusa na ce ya yafe mana, mu muka ja shi inda bai so, don mu huce haushin mutanen unguwa. Ya ce shi guɗar ba ta dame shi ba, ya san ta ƙauna ce, ita ce ma abu mafi daɗi da ya ji a ranar, in gaya wa Ummulkhairi ta daina kuka ta zo ta yi masa dambun da ta saba. Bidiyon ma ya ce a bar shi ya yi ta yawo. Abin da ke hana shi sakewa shi ne kalma ɗayan nan da ya furta bai gani ba. Ya ce a ɗan lokacin da ya yi sunkuye a kan madubin ya san gaskiya sarai, ya san abin da ya kamata ya ce, amma ya tuna muna bayansa cikin sabbin kaya, sai ya zaɓi ya gwada sa'a. Na ce masa ai ya gyara nan take, a gaban kowa. Ya ce ya gyara, amma ya riga ya san cewa zai iya faɗin abin da bai gani ba, kuma da bai san haka game da kansa ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa har aka kira azahar.

Yanzu ya fara fita masallaci, Kawu Ila ne ke zuwa ya kama masa hannu, su tafi su dawo tare, wani lokacin ya tsaya su ci tuwo. Akwatunan gilasan bincikensa da ke saman kabad ya sa an sauke, ya ce a kai wa Dakta Safiya ɗalibai su amfana. Yaya dai har yau ba ta iya haɗa ido da shi ba, duk da na isar mata da saƙonsa. Ta aiko da dambun a kula.

Abin da nake roƙonka shi ne ka bar maganar kiran kowa, ka nemi hutu ka taho gida, kada ka ce sai babbar salla. Ka zo da Nafisa da yaran, musamman Yasmin, wadda Baba bai taɓa gani ba sai a waya, wayar ma yanzu haske kawai yake gani a cikinta. An sa aikin idon a wata mai kamawa, kuma ba wanda ya san yadda zai tashi daga shi. Da na gaya masa zan rubuta maka, ya ce kada in tayar maka da hankali, kada kuma ka wahalar da kanka da tsaraba. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni, ya ce idan da hali ka nemi jirgin da zai sa ku iso gida da hantsi, don a lokacin ne ya fi gane fuska.

Ka gaishe mini da Nafisa ƙwarai, ka shafa mini kan Ibrahim da Yasmin. Abban Usman na gaishe ka, haka Usman da Maryam. Yaya Ummulkhairi ta ce in gaishe ka, ta ce kada ka yi mata maganar bidiyon idan kun yi waya. Kawu Ila ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Allah ya kawo ku lafiya, ya sa mu gana da alheri.

Wassalam. Taka yayarka,
Mardiyya Maliki